Ciwon Hanta: Me Ya Sa Nau'in C Ya Samu Magani, Nau'in B Kuma Ya Gagara?

Tun da aka sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a watan Mayun 2024, dokar da ta haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, wata 'yar takarda ta shigo cikin maganar aure, kuma tana hana iyaye barci. Saurayi lafiyarsa ƙalau, kullum yana filin ƙwallo, har an fara haɗa lefe, sai sakamako ya fito da haruffa biyar, HBsAg, da alamar cewa yana ɗauke da nau'in B. Tambayar farko da kowa ke yi ita ce: yana da magani?

Amsoshi uku yake samu. Likita ya ce akwai maganin da ke danne cutar, amma babu na rabuwa da ita. Mai lasifika a bakin tasha ya ce jarka biyu, sati uku, a koma a sake gwaji. A rediyo kuma an ji cewa Masar ta kusa kawar da ciwon hanta da ƙwayar da ake sha wata uku kacal. To wa za a gaskata?

Likitan bai yi ƙarya ba, labarin Masar ma gaskiya ne. Cututtuka biyu suke magana a kai masu suna iri ɗaya da hali daban. Mai jarka kuwa, za mu zo kansa.

Shawara daban, ciwon hanta daban

Shawara alama ce. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, sikila tana kawo ta, toshewar hanyar matsarmama ma haka, ga kuma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa. Ciwon hanta, wanda a asibiti ake kira hefataitis, kumburin hantar ne kanta, kuma ƙwayoyin cutar bairos da suka shahara da jawo shi guda biyar ne: A, B, C, D da E.

A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. Galibi sukan zo su wuce, sai dai E yana da haɗari ƙwarai ga mai ciki, kamar yadda aka gani a sansanonin 'yan gudun hijira na Diffa da Ngala a 2017. D ba ya iya rayuwa sai a jikin mai B. B da C su ne masu bin jini, kuma su ne masu zama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da B, miliyan 50 na ɗauke da C, kuma su biyun suna kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a shekara, kashi 83 cikin ɗari na mace-macen daga B. A Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya samu B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, C kuma kashi 1.1.

Wanda ya ce "ni ban taɓa yin shawara ba, ina na samo ciwon hanta?" bai kawo hujja ba. Mafi yawan masu ɗauke da B ba su taɓa ganin idonsu ya canja ba.

Haƙurin hanta ne ke cutar mai ita

A 1931 wasu masu bincike biyu a asibitin Mayo da ke Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera. Cikin kwana goma ko ƙasa da haka, ragowar ta girma ta mayar da nauyin da aka cire. Har yau da wannan gwaji ake nazarin yadda hanta ke farfaɗowa, kuma wannan baiwa ce ta sa ɗan'uwa zai iya ba ɗan'uwansa ɓangaren hantarsa, duk su biyun su rayu.

Baiwar tana da tsada. Hanta za ta yi shekara ashirin ana yi mata rauni tana ɗinkewa, ba ta yi ƙorafi ba. Kowane ɗinki yana barin tabo. Tabo kan tabo, sai ta taurare ta ƙanƙance, jini ya kasa ratsa ta. A lokacin ne ciki ke tara ruwa, ƙafa ta kumbura, a yi aman jini, mutum ya riƙa sambatu saboda gubar da hanta ta kasa tacewa ta hau ƙwaƙwalwa. A gidaje da yawa wannan ne matakin da ake cewa sammu ne. Wani abin mamaki kuma, bairos ɗin B da kansa ba ya cika kashe ƙwayoyin hanta. Garkuwar jiki ce ke kai musu farmaki don ta kashe abin da ke ɓoye a cikinsu. Ƙwayar da ta fashe takan zubo da wani sinadari mai suna ALT cikin jini, shi ya sa likita ke auna shi don ya san ko ana yaƙi a ciki.

Akwai rauni da ba na bairos ba, kuma a nan ɓera ya yi wa ɗan Adam rana. A 1973 masu bincike a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa hanta tana juya wani kaso na farasitamol ya zama guba, tana kuma da sinadarin da ke kashe kaifin gubar. In aka sha fiye da kima, sinadarin ya ƙare, gubar ta ci hanta. Cikin 'yan shekaru Laurie Prescott da abokan aikinsa a Edinbura suka gwada makarin da ke mayar da sinadarin a jikin marasa lafiya, kuma shi ake amfani da shi har yau. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a yini. Mai ciwon jiki da ya sha Panadol, ya ƙara da maganin mura, ya ƙara da haɗin kemis, sau tari farasitamol uku ya sha bai sani ba.

Yadda aka kama C

A shekarun 1970, Harvey Alter yana bibiyar mutanen da aka yi wa ƙarin jini a Amurka. Ya lura da yawa suna kamuwa da ciwon hanta, amma in an gwada, ba A ba ne, ba B ba ne. Haka aka yi ta kiran cutar, "ba A ba, ba B ba", fiye da shekara goma. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka zaƙulo tsarin halittar ƙwayar daga jinin wani biri da aka sa wa cutar. Charles Rice ya tabbatar a 1997 cewa ita kaɗai ta isa ta jawo ciwon. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2020.

Sanin sunan maƙiyi bai isa ba. Maganin wancan zamani allurar intaferon ce ta kusan shekara guda, mai jawo zazzaɓi da kasala da baƙin ciki, kuma kusan rabin masu nau'in da ya fi taurin kai ba sa warkewa. Abin da ya buɗe ƙofa ya faru ne a ɗakin gwaji a Jamus a 1999, inda Ralf Bartenschlager da Volker Lohmann suka samu hanyar sa wani ɓangare na bairos ɗin ya riƙa kwafar kansa cikin ƙwayoyin hanta da aka raina a faranti. Daga ranar, kamfani zai iya gwada dubban sinadarai ya ga wanne ke tsayar da shi, ba sai an jira biri ko mutum ba. A watan Disambar 2013 Amurka ta amince da wata ƙwayar magani mai suna sofosbuvir. Yau, haɗin irin waɗannan ƙwayoyi na sati 8 zuwa 12 yana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Sirrin yana cikin halin C. Ba shi da maɓoya mai ɗorewa a cikin ƙwayar hanta. Dole ya yi ta kwafar kansa ba hutu, in aka hana shi na 'yan makonni, ya ƙare.

Kamfanin Gilead ya sa wa sofosbuvir dala 84,000, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Masar ce ta fi kowace ƙasa buƙatarsa, domin allurar maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin manoma daga shekarun 1950 zuwa wajen 1980, da sirinjin gilashi da ba a dafa shi sosai ba, ta yaɗa C har kusan mutum ɗaya cikin goma na manya ya kamu. Gwamnati ta yi ciniki farashin ya sauko kusan dala 900, sannan kamfanonin cikin gida suka fara sarrafa nasu, ya ƙara faɗuwa warwas. Daga 2018 aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin watanni. A watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar zinare kan hanyar kawar da C, ƙasa ta farko da ta samu.

Inda B yake ɓuya

B ya riga C bayyana. Baruch Blumberg ya ga alamarsa a 1965 cikin jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ya samu Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Alamar da ya gani ita ce HBsAg ɗin da ke takardar angonmu. Me ya hana wanda aka fara sani samun magani?

B yana kutsawa har cibiyar ƙwayar hanta, inda kundin halittar mutum yake, ya naɗe nasa kundin, wato DNA, ya zama ɗan zobe, ya zauna. Daga zoben nan ake buga kowane sabon bairos. Wasu gutsattsarinsa ma sukan manne cikin DNA ɗin mutumin kansa. Magungunan da ake da su, tenofovir da entecavir, suna tsayar da aikin bugawar, amma ba sa taɓa zoben. Duk manomin da ya yi fama da tofa ya san wannan: ka nome ta ƙasa ta yi fes, saiwar tana kwance tana jiran ruwa. Shi ya sa wanda ya fara tenofovir ya bari kwatsam, bairos kan dawo da ƙarfi, garkuwar jiki ta afka wa hanta, wani lokaci har ta kai ga rasa rai.

Ɗakin gwaji ma ya daɗe hannunsa a ɗaure. B ba ya kama ɓera, kuma ba ya son shiga ƙwayoyin hanta na faranti. Sai a 2012 Wenhui Li da tawagarsa a Beijin suka gano ƙofar da yake bi, wani sinadari a bangon ƙwayar hanta da aikinsa na asali shigar da ruwan matsarmama ne. 

Yanzu burin da ake bi shi ne abin da za a iya kira warkewar aiki: HBsAg ya ɓace daga jini, a daina shan magani, garkuwar jiki ta riƙe ragowar. Wata allura mai suna bepirovirsen ta kai ga haka a kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari na waɗanda suka karɓe ta sati 24, a gwajin da aka wallafa a 2022, daga nan aka wuce da ita babban gwaji. Mutum ɗaya cikin goma. Masana sun yi murna da wannan adadi, kuma murnar tasu ta isa ta nuna maka girman ƙaryar mai cewa yana warkar da kowa.

Kada kuma a raina dannewa. A wani bincike da aka wallafa a 2013, cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta taurare, 71 sun fita daga wannan mataki bayan shekara biyar suna shan tenofovir. Tabon da aka daɗe ana cewa ba ya gogewa, ashe yana raguwa in an daina sabunta raunin. Haɗarin kansa ma yana raguwa, ko da yake ba ya gushewa gaba ɗaya.

Kura da shan bugu

Mai jarka yana da shaidu, kuma ba duka ne na haya ba. Akwai wanda da gaske an gwada shi an ga cutar, ya sha jiƙo, ya koma aka ce babu. Bayanin yana cikin shekarun da mutum ya kamu. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, kusan tara cikin goma za su zauna da ita. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kusan uku cikin goma. Babba kuwa, kimanin kashi 95 cikin ɗari jikinsu ne ke kore ta cikin wata shida, ko sun sha wani abu ko ba su sha ba. Garkuwar jiki ta yi aikin, mai jiƙo ya karɓi kuɗin da godiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ga shi kuma ALT da yawan bairos a jini suna hawa da sauka da kansu, ga ƙananan tsinken gwaji da kan yi kuskure.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi a yau daga dangin tazargade aka samo shi, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ci Nobel a kansa a 2015. An ma gwada tsirrai a kan B. A 1988 wasu likitoci a Indiya suka wallafa cewa geron tsuntsaye ya goge HBsAg a jinin mutum 22 cikin 37, alhali a rukunin da ba a ba shi ba mutum 1 ne cikin 23. Duniya ta ɗauka. Aka maimaita a Tailan da wasu ƙasashe, ba a ga wannan sakamako ba. Da aka tattara gwaje-gwajen daga baya, ba a samu hujja mai gamsarwa ba.

Abin da bincike ke nema ke nan, kuma ba shi da wuyar fahimta: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan, a hana waɗancan, a ƙirga, sannan wani da ba shi da riba a ciki ya maimaita. A ganina duk mai maganin da ya yarda da jarkarsa, wannan ce hanyar da za ta ɗaukaka shi. Kuma a sani, hantar da ake son gyarawa ita ce ke tace jiƙon. A Amurka, inda ake ƙirgawa, kusan kashi 20 cikin ɗari na raunin hanta da magani ke jawowa daga kayan itatuwa da na ƙarin kuzari yake fitowa.

Ɓera ba mutum ba ne

Masu farin riga ma sun yi nasu kuskuren, kuma adalci ne a faɗa. A 1993 aka gwada wani maganin B mai suna fialuridine a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. An riga an ba ɓeraye da karnuka da birai, ba a ga abin tsoro ba. Cikin mutum 15 da suka shiga gwajin, 5 suka mutu, 2 sai da aka yi musu dashen hanta. Maganin yana lalata injin samar da kuzari na ƙwayar hanta ta wata ƙofa da take buɗe a mutum, a rufe a ɓera. Bayan shekara ashirin, aka ba ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum wannan magani, hantar tasu ta lalace kamar yadda ta marasa lafiyar ta yi. Don haka in ka ji an ce "bincike ya nuna ganye kaza yana gyara hanta", tambaya ta farko ita ce: hantar wa? Yawancin irin waɗannan rahotanni a kan ɓerayen da aka ɗura wa guba aka yi su. Mataki ne na farko, ba hukunci ba.

Kanawa ba sa buƙatar a koya musu shakkar gwajin magani. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a 1999 Amurka ta taƙaita amfani da Trovan, Turai ta dakatar da shi, kuma dalilin shi ne lalata hanta. Shakkar tana da tushe. Amma inda ya dace ta kai mu shi ne neman a yi gwaji da izini da sa ido, tunda abin da ba a gwada ba kwata-kwata ya fi kowanne duhu.

Taiwan, Gambiya da buhun gyaɗa

Binciken da ya fi ceton rai a wannan fage ba na neman waraka ba ne. A Taiwan, Palmer Beasley ya bibiyi ma'aikatan gwamnati maza 22,707, ya wallafa a 1981 cewa masu ɗauke da B sun ninka sauran haɗarin kansar hanta fiye da sau ɗari. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kuma kafin 1997 kansar hanta a yara masu shekara 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. A Gambiya aka fara wani gagarumin bincike a 1986 da jarirai fiye da 120,000, ana shigar da rigakafin yanki bayan yanki cikin shekara huɗu. Da aka bi waɗannan yara har suka girma, kariyar daga zama mai ɗauke da cutar ta haura kashi 90 cikin ɗari. Binciken Gambiya ya kuma nuna cewa a Afirka ta Yamma yara da yawa a ƙuruciya suke ɗauka, a cikin gida, daga 'yan'uwa. Duk abin da ke fitar da jini da ƙarfe ɗaya abin lura ne: askar wanzami wajen aski da kaciya da ƙaho da cire beli, rezar yankan farce, allurar da aka maimaita.

Sai abokin tafiyar B, wanda ke cikin rumbu. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Da aka bincika, aka samu gubar da wata funfuna ke fitarwa, afulatoksin. Funfunar tana son gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba, da wuri mai zafi da laima. Gubar kuma ba ta mutuwa da suya ko dahuwa. A wani bincike kan maza 18,244 a Shanghai, mai afulatoksin kaɗai haɗarin kansar hantarsa ya ninka kusan sau 3, mai B kaɗai sau 7, mai duka biyun kusan sau 60. Ba tarawa suke yi ba, ninka juna suke.

Mu da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara, wannan lissafi namu ne. Kuma kowa ya san inda ƙwarkwararriyar gyaɗar da aka tsince take zuwa: ba a zubarwa, ana sayar da ita da araha ga masu matsar mai da yin ƙuli. A ƙasar Gini an gwada abu mai sauƙi a ƙauyuka 20: tsince lalatacciya da hannu, shanya a tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da bushewa, buhun algarara maimakon na leda, ɗora buhu a kan katako. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna gubar a jinin mutanen ta ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a yi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don funfuna marar guba ta kori mai guba.

Abin da ke bayan wannan duka shi ne shekarun da kansar ke kama mutane. Wani bincike a asibitocin ƙasashen Afirka tara da aka wallafa a 2017 ya samu cewa in aka cire Masar, matsakaicin shekarun mai kansar hanta 46 ne, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano.

Wa ya kamata ya sha magani?

A nan masana suka rabu. Ɓangare ɗaya ya ce yawancin masu ɗauke da B cutar tana kwance, ba za ta taɓa yi musu illa ba, don me za a ɗora musu ƙwayar kullum mai iya taɓa ƙoda da ƙashi, wadda barinta kwatsam ke da haɗari? Suna da hujja: a binciken PROLIFICA a Gambiya, an gwada kusan mutum 6,000 a unguwanni, kashi 8.8 cikin ɗari suna ɗauke da ita, amma kimanin kashi 4 cikin ɗari na waɗannan ne kawai suka cika sharuɗɗan fara magani na lokacin.

Ɗaya ɓangaren ya ce sharuɗɗan an tsara su ne don ƙasashen da mutum zai iya auna yawan bairos duk wata shida. A wurinmu wannan awo ya fi maganin tsada nesa ba kusa ba, wanda aka ce ya je ya dawo kuma sau da yawa sai da kumburarren ciki yake dawowa. A duniya baki ɗaya, zuwa 2022, kashi 13 cikin ɗari na masu B ne aka gano, kashi 3 ne ke kan magani. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga wannan ɓangare: ta sassauta sharuɗɗan, ta yarda a dogara da gwaje-gwajen jini masu araha inda babu na yawan bairos.

Ni ina ganin ta yi daidai, amma takarda ba ta sayen magani. Zuwa 2024, farashin tenofovir a kasuwar duniya ya sauko har dala 2.4 a wata. Wannan ƙwaya ɗaya tana cikin haɗin da ake ba masu cutar HIV kyauta a asibitocin gwamnati, mai B kaɗai kuma yawanci daga aljihunsa zai saya, ya biya kowane gwaji.

Ango, amarya da jariri

Mu koma ga takardar. Sakamako ɗaya bai ce mutum ya zama mai ɗauke da cutar ba, sai an sake gwadawa bayan wata shida an same ta. In ta tabbata, likita zai duba ALT, da yawan bairos in da hali, da hoton hanta, ya yanke ko magani ko bibiya. Ko ba a ba da magani ba, bibiyar ba ta tsayawa, giya da jiƙon da ba a san haɗinsa ba kuma an rabu da su. In C ne, a tabbatar bairos ɗin yana nan a jini, a sha ƙwayar wata uku.

B ba ya bin gumi, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta. Yana bin jini da saduwar aure da haihuwa. Amaryar da ba ta da shi za a yi mata allura uku, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, kuma tana kare fiye da tara cikin goma na manya masu lafiya. Cutar da ke da rigakafi irin wannan, likitocin hanta ba sa ɗaukarta dalilin fasa aure. 'Yan gidan ango, iyaye da ƙanne, su ma a gwada su, domin galibi tare aka taso da ita.

In matar ce ke ɗauke da ita, hankali ya koma kan jariri. Wadda bairos ya yi yawa a jininta ana ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na ciki. A wani gwaji a ƙasar Sin da mata 200, yaɗuwa ga jarirai ta sauko daga kashi 18 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Shayarwa ba ta da laifi. Babban abin shi ne allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan a cika sauran. Najeriya ta sa rigakafin B cikin jadawalin yara tun 2004, kuma kyauta ne. Sai dai a yankin Afirka, a 2022, kashi 18 cikin ɗari na jarirai ne kawai suka samu ta ranar haihuwa. A Arewa maso Yamma mafi yawan mata a gida suke haihuwa, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna, wani sai an yi arba'in. Kafin ranar suna awa 24 ɗin ta wuce sau bakwai, wanzami kuma ya riga ya zo da askarsa.